Bokiti Huɗu Masu Wari

Lahadi, 3 ga Sha'aban, bayan sallar asuba

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi kamar kullum, ko da yake yau alƙalamin ya yi mini nauyi.

Wari ya tashi a bayan gida, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Na ji shi tun ina alwala, na ɗauka kwatar layinmu ce ta sake toshewa. Da na dawo daga masallaci na tarar da 'yata Habibatu a rumfar aikinta, ta rufe hanci da gefen mayafi, ta buɗe bokitai biyar da take ajiye ruwan ƙyalli a ciki. Masu sana'ar suna ce masa gilez. Garin duwatsu ne ake damawa da ruwa, a tsoma kwanon yumɓu a ciki, idan ya shiga tanderu ya fito da santsi kamar tangaran. Huɗu sun yi wari, ruwan samansu ya yi duhu. Na biyar, mai shuɗi, lafiyarsa lau.

Wata ƙungiyar mata ta unguwar Alabar tana jiran kwanoni ɗari da hamsin kafin azumi, na rabon koko a buɗa-baki. Kwanonin suna jere a kan katako, an yi musu gashin farko, tsomawa kaɗai suke jira.

Ta ce, “Baba, ka taɓa jin dutse ya ruɓe?”

Na ce ikon Allah ya wuce haka. Maganar gaskiya ce, amma ba don gaskiya na faɗe ta ba.

Na shiga ɗaki na tura galan ɗin nan can ƙarƙashin gado.

Litinin, 4 ga Sha'aban, bayan azahar

Fareeda ta zo da hantsi. Ita ce abokiyar aikin Habibatu tun suna makarantar koyon sana'a, shekara shida ke nan. 'Yar garin Wa ce, tana auren Karimu, kafinta a unguwar Anloga. Ba ta taɓa wuce ƙofar zaurena ba tare da ta durƙusa ta ce, “Baba, ina kwana” ba. Yau ma ta yi, na amsa ina kallon littafi.

Daga inda nake ina jin su.

“Na ce miki ki jira ruwan paipu.”

“Sista Habiba, paipu ya yi kwana tara bai zo ba. In zauna ina kallon bokiti?”

“Sai kika ɗebo rijiya.”

“Da rijiyar nan muka dama na bara. Ya yi wari?”

“Wanda na dama da paipu ga shi nan. Naki huɗu ga su nan. Sa hancinki, shi zai raba mu.”

Matan 'yan haya suna tsakar gida suna wanki, kowace hannunta ya tsaya a cikin kumfa. Rijiyar tana kusa da katangar salgar maƙwabta, kowa ya san haka.

Ban ce komai ba.

Talata, 5 ga Sha'aban, hantsi

Warin ya iso zaure. Na ƙona turare, ya zama wari biyu.

Laraba, 6 ga Sha'aban, bayan la'asar

Shugabar ƙungiyar matan ta zo, labari ya kai mata. Dattijuwa ce mai kamun kai. Ta zauna a ƙofar zaure, Habibatu da Fareeda suna tsaye a bayanta, ta ce fatawa ta kawo ta. Kwanon da aka tsoma a irin wannan ruwa, ya halatta mai azumi ya sha koko a cikinsa?

Shekara arba'in da ɗaya ina karantar da babin ruwa a zauren nan. Na ba ta amsa yadda take. Idan warin ruwa ya sauya, ana duba abin da ya sauya shi. In najasa ce, ruwan ya zama najasa. In abu ne mai tsarki, kamar ganye ko madara, tsarkinsa yana nan, sai dai ba a alwala da shi.

Ta ce, “To wannan wanne ne, Malam?”

Na ce, “Sai an san abin da ya faɗa ciki.”

Su biyun suka juya suka dubi Fareeda. Fareeda ta dubi ƙasa.

Babu harafi ɗaya na kuskure a fatawar da na bayar. Na yi ta auna ta tun ɗazu, ban sami inda na yi ƙarya ba, kuma ban sami natsuwa ba.

Juma'a, 8 ga Sha'aban, bayan an sauko masallaci

Bari in rubuta shi, ko takarda ta sani.

A watan jiya gashi biyu a jere suka lalace wa Habibatu, kwanoni suka fito a tsattsage. Na gan ta zaune a bayan tanderu tana kuka marar sauti, irin na uwarta, Allah ya jiƙanta. Ni ne na yi shekara biyu ina hana ta sana'ar nan, ina cewa 'yar malami ba ta cuɗa laka, har uwar ta rinjaye ni. Ranar da ta kafa rumfar sharaɗi ɗaya ta roƙa: “Baba, ka yi mana addu'a daga zaure. Bokitai kuwa, ni da Fareeda kaɗai.” Na yi alkawari.

Da na ga kukan nan sai na ce a raina, abin da na iya ke nan, me ya sa zan hana 'yata? Safiya bakwai ina cika alluna uku da ayoyin neman buɗi, da tawadata ta baƙin tukunya da ƙaro, wadda nake damawa da kauri don ta kama allo. Na wanke, na tara a galan. Na zuba rabin kwalbar zuma, kamar yadda nake yi wa marar lafiya. Juma'ar ƙarshe ta Rajab, da suka tafi bikin suna a unguwar Sofoline, na shiga rumfar na zuba a bokitai, na juya da sandarsu, na mayar da murafe. Galan ɗin ya ƙare a na huɗu.

Shi ya sa na biyar ba ya wari. Ruwan paipu bai yi masa komai ba, hannuna ne bai kai gare shi ba.

Ban tabbata rubutun ne ya jawo ba. Haka nake gaya wa kaina. Ta yiwu rijiyar ce.

Asabar, 9 ga Sha'aban, bayan azahar

Yanzu na tabbata.

Habibatu ta kira tsohuwar malamarta ta makaranta, wata Ba'asantiya, ta buɗe muryar wayar, tana juya mana maganar da Hausa. Matar ta ce dutse ba ya ruɓewa. Abin da ke ruɓewa shi ne abin da ya fito daga tsiro ko dabba, kamar ƙaro, ko sitaci, ko sukari. Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke cin sa, zafi da rufaffen murfi su ba su gida, warin kuwa numfashinsu ne. Ta ce ruwan rijiya kaɗai da wuya ya yi wa bokiti huɗu haka cikin kwana tara. An zuba wani abu.

Da ta ambaci ƙaro na dubi ɗan yatsana. Tawada ba ta barin gefen farcena, shekara hamsin.

Sai Habibatu ta tuna. Bara Fareeda ta taɓa ba da shawarar a sa sitacin rogo don kada ƙyallin ya goge a hannu kafin gashi, Habibatu ta ƙi.

“Ashe kin sa. A bayana.”

“Ban sa ba.”

“Da rijiya ce, sai in ce kuskure. Wannan kuwa kin dube ni kwana shida kina shiru.”

Fareeda ta zo ƙofar zaure, ta durƙusa. Ta ce, “Baba, mepa wo kyew, don Allah ba ni Mus'hafi in dafa.”

Na san gaskiya za ta rantse a kai. Na kasa miƙa mata Littafin da hannun da ya yi aikin. Na ce, “A'a, 'yata, ba a rantsuwa a kan bokiti.”

Sai da maganar ta fita na ji yadda ta faɗa a kunnen tsakar gida: malam ya tsare ta daga rantsuwar ƙarya.

Ta daɗe tana dubana. Ta ce, “Yoo, Baba,” wato “to.” Ta koma rumfa, ta ɗauki rigar aikinta da wuƙar sassaƙa kwano, ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba.

Ban ce komai ba.

Lahadi, 10 ga Sha'aban, hantsi

Ba ta zo ba.

Litinin, 11 ga Sha'aban, bayan azahar

Habibatu ta soma bin abin da malamarta ta tsara, ita kaɗai. A kwashe ruwan sama, a tace sauran da rariya, a wanke bokiti da ruwan zafi da sabulu, a mayar, a zuba ruwan bilic na wanki cikin murfin kwalba ɗaya, a riƙa juyawa kullum, a ajiye a inuwa. Na huɗu, wanda ƙasansa ya yi baƙi, a shanya shi a faranti har ya bushe ƙarau, a daka, a sake damawa. Nan gaba kuma a ajiye garin a bushe, a dama abin da za a ƙarar cikin mako biyu kawai.

Ta kwashe ruwan saman a baho, ta nufi kwata da shi. Na riga ta bakin ƙofa. Wankin allo ba a zuba shi inda ake zuba ƙazanta, yaron da ya fara riƙe allo jiya ma ya san wannan. Na ce ta ba ni, warin zai dami maƙwabta. Na haƙa rami a gindin goba, na zuba, na rufe. Sau uku na yi sawu, gwiwoyina suna ƙara.

Ta yi dariyar farko a makon nan. “Baba, tun yaushe ka shiga sana'ar laka?”

Ta ce Allah ya saka mini da alheri. Na so a ce zagina ta yi.

Maganar bilic ta tsaya mini a rai. Na yi wa kaina fatawa cewa haruffa sun narke, ba sauran siffarsu. Ga irin tambayar da nake da lokacin yi wa bincike.

Laraba, 13 ga Sha'aban, bayan la'asar

Na zauna a benci na ƙofar masallaci da Alhaji Abubakari, abokina tun muna zuwa fataucin goro da iyayenmu. Da na zauna ya matsa gefe.

“Malam, gidanka ya riga mutane ɗaukar azumi ne? Tun daga bakin titi ake jin bakinsa.”

Na ce ina da tambaya. Wani mutum ne ya nufi alheri, ya yi wani abu a ɓoye, abin ya ɓaci, laifin ya faɗa kan wani. In ya yi magana, girmansa ya zube a gaban iyalinsa, kuma jahilai za su ce rubutu ba shi da albarka. In ya nemi gafarar Allah tsakaninsa da Ubangijinsa, bai isa ba?

Ya ɓare goro, ya ba ni rabi. “Wannan mutumin, gemunsa fari ne?”

Na ce ban lura ba.

“Yana da gwiwa mai ƙara?”

Na tauna goron.

“Idirisu, kai ka karantar da ni cewa haƙƙin bawa ba ya sauka sai bawan ya yafe. Ni ɗan kasuwa ne, abin da aka sayar mini nake riƙewa. Rubutu kuma ka bar shi, ba ya buƙatar lauya. Gemunka kake karewa.”

Ya gaya mini Karimu ya daina zuwa jam'i a masallacinmu. A Akwatia Line, inda suke haya, mata suna ce wa Fareeda mai sitaci.

Juma'a, 15 ga Sha'aban, kafin magariba

Ina azumi. Liman ya yi huɗuba a kan masu gaba da juna, ya ce a sasanta kafin wata ya kama. Mutane suka riƙa waiwayena, suna nufin in sasanta 'yan matan nan.

Asabar, 16 ga Sha'aban, bayan asuba

Na tashi da niyyar faɗa wa Habibatu. Na same ta tana juya bokiti, idanunta sun faɗa. Na tambaye ta ko ta karya kumallo.

Litinin, 18 ga Sha'aban, bayan azahar

Bokiti uku sun daina wari. Habibatu ta gasa kwano ɗaya na gwaji daga kowane, sun fito lafiya, ƙyallin bai sauya ba. Wuta ta cinye komai. Na ji wani abu a ƙirjina yana cewa to shi ke nan, an wuce wurin. Sai dai tsomawa ta mutum biyu ce, ɗaya ta tsoma, ɗaya ta karɓa ta goge gindi. Habibatu tana yi ita kaɗai, kwano ashirin a wuni. Sau biyu na ji ta miƙa hannu ta ce “karɓi,” sannan ta yi tsaki.

Talata, 19 ga Sha'aban, bayan la'asar

Na faɗa. Ba zan rubuta cewa na yi jarumta ba, domin ba haka aka yi ba.

Na dawo daga jana'iza da wuri, na sami Habibatu a bakin kwata da baho, ɗaurayar bokiti na huɗu, ta riga ta karkata shi. Muryata ta fita kafin shawarata.

“Kada ki zuba. Akwai sunan Allah a ciki.”

Ta tsaya. Ta sauke bahon a hankali, ta dube ni, ta dubi gindin goba inda ƙasa take sabuwa. Yarinyar nan a zauren nan ta girma, ba ta buƙaci sharhi ba. Duk da haka na faɗa mata duka, allunan, da ƙaron, da zumar, da Juma'ar suna.

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga, da na sami abin riƙewa.

“Baba, kwana goma sha shida.”

Na ce na sani.

“Ruwa ka tare daga faɗawa kwata. Fareeda fa, da ta faɗa a gabanka?”

Ta ɗauki bahon da kanta ta kai gindin goba. Sannan ta shiga ɗaki, na ji tana neman mayafinta tana kuka. Ta fito ta ce za ta Akwatia Line. Na ce ta bari sai na riga ta. Ta ce, “Gobe da safe, Baba. In rana ta yi tsaka ba ka je ba, zan je in faɗa da bakina.”

Laraba, 20 ga Sha'aban, bayan azahar

Na tafi a ƙafa. Ban taɓa shiga gidan su Fareeda ba, sai da na yi tambaya sau biyu. Karimu yana ƙofa zai fita aiki. Ya gaishe ni a tsaye, ya ba ni kujera, ya kira ta.

Na shirya magana mai tsari tun a hanya, da muƙaddima. Ta zube. Na ce, “Fareeda, ni ne na zuba. Rubutu ne, da ƙaro da zuma.”

Ta ce, “Na sani, Baba.”

Ta ce washegarin sunan nan, da ta zo buɗe bokitai, ta ga shatin babban yatsa na tawada a cikin murafe huɗu. Ta gane mai shi. Ta ce a ranta tsoho ya sa mana albarka, in Sista Habiba ta gani za ta yi faɗa, sai ta goge da tsumma.

Karimu ya juyo. “Kin sani? Kika bar su suna ce miki mai sitaci?”

“In ce wa? In ce Malam Idirisu ya yi? Ni, baƙuwa daga Wa, a cikin gidansa? In ba su yarda ba, na zama mai ƙarya biyu. In sun yarda, na tona tsoho.” Ta juyo gare ni. “Ranar da na nemi Mus'hafi, ba rantsuwar nake so ba. Na ce in na durƙusa a gabanka, za ka yi magana.”

Na roƙe ta gafara. Na yi ƙoƙarin sauka daga kujera, Karimu ya riƙe ni.

Ta ce, “A nan ba wanda ya ji. A tsakar gidanka aka faɗa, a gaban masu wanki. A can za ka ɗauke.”

Hukuncinta daidai ne. Da ni aka tambaya, shi zan yanke.

Juma'a, 22 ga Sha'aban, bayan an sauko masallaci

Na tara su a tsakar gida, matan 'yan haya, da shugabar ƙungiya, da Karimu, da Alhaji Abubakari a matsayin shaida. Na kawo galan ɗin na ajiye a tsakiya. Na faɗi abin da na yi, da alkawarin da na karya, da fatawar da na bayar ina sane da amsarta, da rantsuwar da na hana. Na ce Fareeda ba ta zuba komai ba sai ruwa, wanda ya kai sunan sitaci Akwatia Line ya koma ya karɓo shi.

Shugabar ƙungiyar ta ce, to yanzu kwanonin? Na ce ƙaro da zuma masu tsarki ne, a sha koko. Abubakari ya ce kwanon da aka tsoma a rubutu ai ya kamata a yi layi a kansa. Mutum biyu suka yi dariya. Habibatu ba ta yi ba. Ta tsallaka tsakar gida ta durƙusa a gaban Fareeda, suka yi magana ƙasa-ƙasa, ban ji ba, kuma ba haƙƙina ba ne in ji.

Asabar, 23 ga Sha'aban, hantsi

Ba ta zo ba.

Litinin, 25 ga Sha'aban, hantsi

Fareeda ta zo. Ina jin “karɓi” daga rumfa, ina jin “kawo.” Karimu ya kafa wa rumfar ƙofa da kwaɗo. Makulli biyu ne.

Alhamis, 28 ga Sha'aban, bayan la'asar

Gashin ƙarshe ya fito, kwano huɗu kaɗai suka tsage. An ɗora sauran a mota zuwa Alabar. Garin da ya rage sun shanya shi, sun ƙulle a leda, sun rubuta suna a kan kowane. Bokitai suna kife a rana, babu wari. Goba ta yi sabon ganye, ban so na lura da haka ba.

Habibatu ta kawo mini shayi, ta zauna kaɗan, ta ce addu'a daga zaure tana nan tana so. Na ce to.

Fareeda ta ce ta yafe, ranar Juma'a ta faɗa a gaban mutane, kuma na yarda da ita. Ɗazu da za ta tafi ta tsaya a ƙofar zaure, ta durƙusa kamar yadda ta saba, ba ta rage komai na ladabi ba.

Ta ce, “Malam, sai da safe.”

Shekara shida Baba take ce mini.